Ranar da Iska Ta Shiga Motar Pak Darmaji

A layinsu Laras, can cikin birnin Semarang, duk mai mota sai ya ɗumama ta da safe. Mutum ya fito ɗaure da zani, ya tayar da inji, ya bar shi yana gurnani shi kuma yana kurɓar shayi, in ya yi ɗumi ya shiga ya tafi neman abinci. Baban Laras, Pak Darmaji, shi ma haka yake yi. Sai dai shi in injin ya yi ɗumi kashewa yake, ya ja tamfol ya lulluɓe motar ruf, ya hau babur ɗin matarsa ya tafi shagonsa na labule.

Tun Laras tana firamare ake wannan abu, ga ta yanzu ta zama 'yan mata. Motar tsohuwa ce, koriya, mai shan gas, sunanta Gimbiya, kuma tun ranar da aka shigo da ita tayarta ba ta sake taka titi ba.

Maƙwabcinsu Pak Sarwono, mai wata a-kori-kura duk lotsa wadda yake kai kayan miya kasuwa da ita, kullum sai ya leƙo ta kan katanga.

"Pak Dar, yau ma amaryar ba za ta fita ba?"

"Ta fita ina? Ta shiga rana ta koma irin taka? Kai ba ka san inji ba, Pak Sar. Inji sabulu ne, kana gogawa yana ƙarewa. Kai kullum kana goga naka a hanyar kasuwa, nawa kuwa yana nan a takardarsa. Jikokina ne za su gaji injin nan."

"Za su gaji kam. Wajen turawa."

"Hassada ce."

"To yaushe rabonka da canza mata baƙin mai?"

"Man da bai je ko'ina ba, me ya same shi da za a canza? Kai in ka wuni a kwance wanka kake yi?"

"Ina yi mana!"

"Shi ya sa kake ƙarewa."

Daga ɗaya gefen kuma Bu Ngatmi, bazawarar da ke shanya daidai saitin salansar, takan ɗaga farin mayafinta ta nuna wa duk layin. "Ku duba! Na wanke, Gimbiya ta rina!" Pak Darmaji ya ce turare ne, kyauta yake ba ta, ko godiya babu.

To ga inda maganar take. Kakar Laras, Mbah Warsiti, tana ƙauye a kan tuddan Wonosobo, kuma an yi salloli Bu Sumirah, uwar Laras, ba ta je ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar uwar tata ta nemi gafara ba, yadda al'adarsu take. Wata shekara ba a samu bas ba, wata shekara shago, wata shekara Pak Darmaji ya ce wa zai ɗumama Gimbiya in sun tafi. Sai dai safiyar sallah Bu Sumirah ta kira waya tana kuka tana neman gafara, tsohuwa kuma daga can tana ta ihu, "Wa ke magana? Wa?" Da azumin bana ya kama, Mbah ta sa aka riƙe mata wayar ta ce, "Nduk, 'yata, gwiwata ba ta shiga waya. In kina son kifa kai a kanta, ki zo ki same ta tun tana nan."

Ranar Bu Sumirah ba ta iya buɗa baki da komai ba sai ruwa. Washegari ta je ta kama musu kujeru a bas.

Pak Darmaji ya ji labari. Ya ɗauki tikitin kujerun ya yi kyauta da su ga surukan Pak Sarwono, ya dawo gida yana murmushi kamar wanda ya gina masallaci.

"Iyalin mai mota a cikin bas? A ce me a ƙauye? Bana Gimbiya za ta kai mu. Har na ce wa Bu Ngatmi ta zo mu sauke ta a hanya, ta ga abin da take zagi."

Laras ta ce, "Bapak, motar nan ko ƙofar gida ba ta taɓa ƙetarewa ba."

"Shi ya sa take da ƙarfi, Nduk. Hutun shekaru ta tara a jikinta. Ki ji tsoron kada ta wuce ƙauyen ba mu ankara ba."

Bu Sumirah ta dube shi, ta dube shi, ta ce, "Pak, ni dai safiyar sallah ta same ni a gaban uwata." Laras da ta san uwarta, wannan 'yar maganar ta fi ba ta tsoro a kan faɗa.

Jajiberin sallah da hantsi, duk layin ya fito kallo. An ɗaure kwalaye a saman mota, gwangwanayen biskit, tabarma, tukunya. Bu Ngatmi ta iso da jakunkuna da kejin tsuntsunta a lulluɓe. Laras ta shiga ta zauna tun kafin a gama lodi, tana kaɗa ƙafa. Pak Darmaji ya fito cikin sabuwar riga da baƙin tabarau, ya tsaya ya yi wa jama'a jawabi a kan haƙuri da tattali, da yadda wasu ke kashe injinsu da yawon kasuwa.

"Bapak, rana tana yi!"

Ya shiga. Inji ya tashi. Ya sa giya, ya taka, mota ta yi nishi ta tsaya inda take. Birkin hannu ya manne, tsatsa ta cinye shi.

"Kunya take ji," in ji Pak Darmaji ta taga. "Ba ta saba da idon mutane ba."

Sai da maza suka taru suka yi ta jijjiga ta gaba da baya, can aka ji ƙas! kamar an karya ƙashi, Gimbiya ta zabura ta fice, ta tafi da tukunyar furen Bu Ngatmi a bakin ƙofa. Layin ya ɗauki tafi da shewa. Pak Sarwono har da sara mata.

Tayoyin nan da suka shekara a zaune wuri ɗaya, gefe guda ya baje. Ana tafiya ana jin dum, dum, dum, kan kowa yana dukan rufi.

Bu Ngatmi ta ce, "Mota muka shiga ko turmi?"

"Tausa ce, Bu. A manyan motoci sai an biya."

Zafi ya dame su, ya kunna fanka. Maimakon iska, sai guntayen takarda da ɓawon gyaɗa suka feso musu a fuska, sannan wata uwar ɓera ta faɗo a cinyar Bu Ngatmi, 'ya'yanta suka biyo ta. Bu Ngatmi ta yi ihun da ya sa tsuntsun cikin keji ya kama ihu shi ma. Laras ta buɗe ƙofa ta kore su da takalmi.

"Allah sarki," in ji Bu Ngatmi tana haki. "Su kaɗai suka taɓa morar motar nan, ga shi mun tashe su."

A gidan mai Laras ta ce a cika tanki, hanya da nisa, ga tuddai. Pak Darmaji ya ce wa yaron mai ya zuba ɗan kaɗan.

"Nauyi yana cin inji. Kuma ke in kin sha ruwa, tukunya guda kike juyewa a ciki? A hankali ake buɗa baki."

Suka hau babbar hanya, wadda ta cika maƙil da masu tafiya gida sallah, bas-bas, motoci, babura ɗauke da mata da yara da kwalaye. Gimbiya tana tafe tana tari, tana barin baƙin hayaƙi a baya kamar an cinna wa taya wuta. Masu babur suna wuce su suna toshe hanci. Wani ya rage gudu daidai tagar direba.

"Pak, tsire kake gasawa a ciki? A sa mini biyu!"

"Wuce, ɗan nema! Tsufan injinka a fuskarka yake!"

Haka aka yi ta rarrafe har bayan azahar, aka fara hawan tuddai. Tudu na farko ta hau tana kuka. Na biyu ta hau tana rawar sanyi. A tsakiyar na uku, daidai wani ɗan masallaci inda matafiya suka baje a inuwa suna hutawa, Gimbiya ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta yi shiru. Sannan ta fara komawa da baya.

"Dutse! Ku sa dutse!"

Laras ta dira ta cusa dutse a bayan taya. Motocin da ke biye suka ɗauki ham, layi ya miƙe har gindin tudu. Pak Darmaji ya murɗa makulli, ya murɗa, ya sake murɗawa. Inji yana juyi, ba ya kamawa.

Dole ya kira Mas Gito bakanike, wanda shi ma a lokacin yana kan babur da matarsa da 'ya'yansa, yana hanyar garinsu. Laras tana jin muryarsa cikin hayaniya.

"Tanki a ƙasa ka hau tudu, Pak? Ai gas ɗin ya gangara baya, bututu ya zuƙi iska. Masuk angin ke nan, iska ta shige ta. Ka buɗe gaba, ka nemi wani ɗan famfo da ke..."

Waya ta katse. Aka sake kira, ba ta shiga.

Amma Pak Darmaji ya riga ya ji abin da yake so. Fuskarsa ta washe.

"Masuk angin! Kun ji? Ba inji ba ne, jama'a, injina lafiyarsa ƙalau. Iska ce ta shige ta. Baiwar Allah ba ta saba fita ba, mun fito da ita cikin iskar tudu ba ko mayafi."

To wa bai san masuk angin ba? Ruwa ya dake ka, ko ka kwana a gaban fanka, ka tashi ciki a kumbure, jiki a mace. Maganinsa kuma ko yaro ya sani: a shafe maka baya da man zafi, a sa ƙwandala a yi ta kankara layi-layi har fata ta yi ja wur, sai gyatsa ta zo, iska ta fita, ka miƙe garau.

"Bu Ngatmi, ba ni man zafinki. Sumirah, ƙwandala."

Laras ta ce, "Bapak, famfo fa ya ce. Bututu ya ce."

"Ke kin fi bakanike sani? Da bakinsa ya faɗi sunan ciwon. Matsa."

Ya naɗe hannun sabuwar riga, ya tsiyaya man zafi a kan bonet, ya shafe shi da tafin hannu yana lallashi, "Yi haƙuri, Gimbiya, da ɗan zafi." Ya kafa ƙwandala ya ja. Ƙiiii! Haƙoran kowa suka mutu. Ya sake ja. Koren fenti ya fara naɗewa yana zubowa, jan fentin da ke ƙasa ya bayyana, layi ɗaya, layi biyu.

"Kun gani? Kun gani? Ta yi ja! Dubi yadda ta yi ja! Wannan iskar ta daɗe a jikinta!"

Kafin ka ce me, masu hutawa a masallaci sun taso. Direbobin da suka maƙale a baya suka bar motocinsu suka hauro da ƙafa, da niyyar zagi, suka iso suka manta da zagin. Mutane masu azumi, yunwa ta gallabe su, ga abin kallo kyauta ya samu. Wayoyi suka tashi sama.

"Pak, ka yi gefen hagu ma, kada ta karkace!"

"Ka bi haƙarƙari, Pak, a karkace ake ja!"

"A kawo mata shayin citta!"

"Tana azumi, kai!"

Pak Darmaji ya ɗauka yabo ne. Ya yi dama, ya yi hagu, ya jera layuka reras kamar ƙashin kifi, har da ƙofofi. Laras ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce da ma ƙasa ta tsage. Bu Ngatmi kuwa ta samu kujera a bakin masallaci tana ba baƙi tarihi tun daga farin mayafinta.

Aka murɗa makulli. Shiru.

"Ba ta yi gyatsa ba tukuna," in ji wani mai rigar bas, yana share hawaye. "Sai ta yi gyatsa, Pak."

"Na sani! Kai za ka koya mini? Iskar ta yi zurfi, sai an bi ta ciki."

Ya ɗaga bonet, ya cire murfin matatar iska. Matatar ma babu, ɓeraye sun yi katifa da ita. Ya ce wa Laras ta shiga ta murɗa makulli, ta ce ba za ta iya ba, ya ce in tana son ganin kakarta ta murɗa. Ta dubi uwarta, wadda ke zaune a gefen hanya da jaka a cinya, idonta a kan rana. Ta shiga ta murɗa. Shi kuma ya kafa kwalbar man zafi a bakin injin ya tsiyaya.

Bum!

Wani curin hayaƙi ya fita ta salansa, kaji suka watse a gidajen da ke kusa, inji ya kama. Wallahi ya kama.

Wurin ya fashe da ihu. "Ta yi gyatsa! Ta yi gyatsa!" Mai rigar bas ya zauna a ƙasa dirshan. Pak Darmaji ya juyo, ya cire tabarau, ya ɗan rusuna wa jama'a.

"Ilimi ne. Ba a sayar da shi a kasuwar kayan miya."

Inji ya fara sanyi zai mutu, don ba gas yake sha ba, man zafin nan ne kawai yake ƙonawa. Pak Darmaji ya juye sauran kwalbar. Ya miƙa hannu, wata mata ta ba shi tata, wani tsoho ya ba shi tasa, ai ba mai tafiya sallah ba man zafi a jaka. Ya haɗa duka ya tuttula.

Gimbiya ta yi wata ƙara da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ƙarar ta hau, ta hau, motar duka tana karkarwa, kwalaye suna zamowa daga sama. Baƙin man da ya shekara da shekaru a ciki ya riga ya zama kamar kwalta, ina zai iya zagaya injin da ke wannan gudu? Aka fara jin ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana dukan tukunya da muciya. Laras ta kashe makulli ta yi tsalle waje, injin bai ma san ta kashe ba. Jama'a suka dare.

Ƙwaram!

Wani guntun ƙarfe ya faɗo ƙasa ya gangara tudu shi kaɗai. Baƙin abu mai kauri ya biyo baya, yana ɗiga a hankali, ko gudu ba ya iya yi. Ƙamshin man zafi ya game tudun nan kaf, duk mai mura a wurin sai da hancinsa ya buɗe.

Tsohon da ya ba da kwalbarsa ya cire hula ya ce, "Inna lillahi."

"Barci take," in ji Pak Darmaji, murya ƙasa-ƙasa, fuska duk baƙi. "Kowa aka kankare sai ya yi barci."

Masu ham suka dawo da ham ɗinsu. Aka zo za a taya shi tura ta gefe, ya ce kada wanda ya taɓa ta, jikinta ɗanye ne. Shi kaɗai ya sa kafaɗa, ya yi ta nishi, bayansa yana ƙara, har ta gangara cikin ciyawa.

A nan ne Bu Sumirah ta miƙe. Ta rataya jakarta, ta taka zuwa tsakiyar titi, ta tsaya, ta ɗaga hannu ɗaya. Wata babbar mota shaƙe da kwandunan agwagi ta ja birki har tana huci.

"Wonosobo?" in ji ta.

"Wonosobo, Bu. Amma ba wuri sai cikin agwagi."

"Sun fi wasu hankali. Laras, hau. Bu Ngatmi, kawo kejin."

Pak Darmaji ya taso da gudu. "Sumirah, me kike yi? A gaban mutane? Iyalin mai mota?"

"Zan je gun uwata, Pak."

"Gimbiya fa?"

"Ka zauna ka yi jinya."

Ya dubi mota, ya dubi matarsa, ya ga babbar motar ta fara motsi da gaske. Ya ja tamfol ya rufa wa Gimbiya, ya yi wa ladanin masallacin ihu cewa kada a bari iska ta sake taɓa ta, ya bi su a guje yana riƙe da ƙugu. Matan sun samu buhu sun zauna. Shi sai wani ɗan tsukuku ya samu tsakanin kwanduna, ya tsuguna a duƙe, kai a ƙasa, agwagi suna tsattsagar masa kunne. Haka ya yi sauran tafiyar, duk kwana da duk rami. Aka sauke Bu Ngatmi a mararrabar garinsu tana cewa ba ta taɓa jin daɗin tafiya irin ta yau ba. Suka shiga ƙauye gangar masallaci tana tashi, an ga wata.

Da safe, bayan an sauko daga Idi, aka zaunar da Mbah Warsiti a kujerarta a tsakar gida. 'Ya'ya da jikoki da surukai suka yi layi, maƙwabta suka cika ƙofa. Bu Sumirah ta taka za ta fara, sai Pak Darmaji ya sha gabanta, yana tafiya a sanƙare kamar an saka masa katako a riga. Ya riga ya gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ya bar motar ne a wani wurin shaƙatawa a kan tudu, yaran gidan kuwa suna ta miƙa wa juna waya mai bidiyonsa yana kankare Gimbiya, suna danne dariya.

"Maigida ne farko," in ji shi.

Ya durƙusa, ya kifa kai a gwiwar Mbah, ya zuba neman gafara mai tsawo da manyan kalmomi, yadda na bakin ƙofa za su ji. Mbah ta dafa kansa ta ce ta yafe, Allah ya yi albarka, tashi.

Bai tashi ba.

"Na ce na yafe, Darmaji."

"Na ji, Mbah."

"To tashi mana."

"Bayana ne, Mbah," ya ce cikin raɗa. "Ya ƙi."

Ya yunƙura, ya yi ƙara, ya koma. Layi yana jira. Bu Sumirah tana tsaye a bayansa, gwiwar uwarta ga ta nan taku ɗaya, mijinta ya kanainaye ta. Ta dubi Laras. Laras ba ta jira an faɗa ba. Uwa ta kama hammata ɗaya, 'ya ta kama ɗaya, suka ɗaga shi yadda yake a naɗe, suka ajiye shi a gefe kusa da randa, goshinsa a kan tabarma.

Bu Sumirah ta zube. Ta kifa fuska a gwiwar tsohuwa, ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita, sai kafaɗunta ke rawa. Mbah ta sa hannu biyu ta riƙe kanta, ta sunkuya har bakinta ya taɓa mayafin.

"Na san wa ke magana, Nduk. Na sani."

Har Laras ta daina kaɗa ƙafa. Can daga gefen randa aka ji muryar Pak Darmaji, yana yi wa yaran da suka zagaye shi bayani.

"Haka muke yi a birni. Girmamawa ce. Ba a saurin tashi."

Mbah ta share ido da bakin zani, ta leƙa ta dube shi.

"Madalla da suruki. Ku bar shi ya ci gaba da girmama ni har azahar, mu mu je mu ci abinci."